Kafin ka sayi maƙala ko ɗaya, ka san shafin laburaren jami'arka

Ɗan'uwa, barka da sauka. Na san a makon farko hankalinka yana kan masauki da asusun banki da rajistar likita da inda ake sayar da naman halal. Amma ka ware yini guda ka zauna da shafin intanet na laburaren jami'arka. Digiri na biyu a Birtaniya yawanci shekara ɗaya ce tal. Za a fara a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kafin hutun Disamba an jibga maka rubuce-rubuce, watan Yuni na yi kana kan kundin kammalawa.

Mu da muka taso da laburare irin na Kashim Ibrahim a Zariya, gini muka sani: ka ajiye jaka a ƙofa, ka shiga ka bi kantoci. A nan ma ginin yana nan, wasu ma ba sa rufewa dare da rana lokacin jarrabawa. Sai dai yawancin abin da za ka karanta ba a kan kanta yake ba. Jami'a tana biyan kamfanonin ɗab'i kuɗi mai yawa duk shekara domin ɗalibanta su karanta mujallun bincike da littattafai ta intanet, kuma ƙofar shiga wannan dukiya ita ce shafin laburare.

A watana na farko, wani dare, na samo maƙalar da malama ta ce lallai mu karanta kafin Litinin. Na danna, shafin kamfanin ya nuna mini 'yan layuka, sannan ya nemi wajen dala 40. Na ɗauko katin banki na riƙe a hannu ina lissafin naira nawa ke nan, na tuna kuɗin hayar da ke gabana, na mayar da shi aljihu. Haka na je aji ban karanta ba. Washegari wata ma'aikaciyar laburare ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, ta rubuta sunan maƙalar a akwatin bincikensu, ta ce in sa sunana da kalmar sirrina ta jami'a. Sai ga maƙalar gaba ɗaya. Ashe an riga an biya, daga cikin kuɗin makarantar da ni ma na zuba.

Dalilin shi ne kamfanin bai san kai ɗalibi ne ba. Idan kana cikin harabar makaranta a kan intanet ɗinta, sau da yawa yakan gane ka da kansa. Idan kuwa kana ɗakinka a gari, sai ka biyo ta shafin laburare, ko ka nemi wurin shiga da sunan jami'a a shafin kamfanin ka zaɓi taka. Mai amfani da Google Scholar, shafin Google na neman rubuce-rubucen bincike, kuma ya shiga saitinsa ya ƙara sunan laburarensa, daga nan duk maƙalar da jami'a ta biya za ta riƙa fitowa da alama a gefenta.

Gaskiya wasu shafukan a cunkushe suke, sanarwa kan sanarwa, har ido ya rasa inda zai sauka. Kada hakan ya sare maka gwiwa. Abin da za ka fara nema shi ne babban akwatin bincike. A Oxford SOLO suke kiransa, a Cambridge iDiscover, wasu kuma ba su raɗa masa suna ba. Kada ka zuba masa tambayarka dungurungum. Kalmomi biyu ko uku masu nauyi sun isa, sannan ka tace sakamakon ta shekara da nau'in rubutu. In littafin takarda ne, ka rubuta lambar kanta da hawan benen kafin ka tashi. A laburaren da ke bin tsarin Dewey na jera littattafai da lambobi, alal misali, tarihin Najeriya yana wajen 966.9, kuma in ka je ɗaukar littafi ɗaya ka duba maƙwabtansa, sau da yawa a nan alherin yake.

Kowane darasi yana da jerin karatunsa a intanet, da hanyar da za ta kai ka kan littafin kai tsaye. Wasu littattafan intanet mutum ɗaya ko uku kaɗai ke iya buɗe su a lokaci guda, saboda haka kada ka bari sai daren miƙa aiki. Littafin da ka ara kuma wani zai iya nemansa, a aiko maka da saƙon imel cewa ka dawo da shi, in ka yi jinkiri a ci ka tara. Ka riƙa duba imel ɗin makaranta kullum.

Abin da babu shi a jami'arka, laburare zai iya aro maka daga wani wuri, akwai fom ɗin neman haka a shafin. Akwai kuma SCONUL Access, tsarin da ke ba ɗalibi damar shiga laburaren wasu jami'o'i. Mai bincike kan ƙasar Hausa ya yi ƙoƙari ya leƙa na SOAS, jami'ar nazarin Afirka da Asiya da ke Landan.

Abin da ya fi damuna shi ne kunyarmu. Kowane fanni yana da ma'aikacin laburare nasa, sunansa da imel ɗinsa suna shafin, za ka iya neman ganawa da shi ya zauna da kai a kan bincikenka ba tare da ka biya ko sisi ba. Shi zai nuna maka a cikin rumbunan maƙaloli na intanet ko JSTOR ne ya dace da kai, ko PubMed, ko Scopus. Aikinsa ke nan, albashinsa ke nan, kuma matambayi ba ya ɓata.

Abokai a gida za su roƙe ka kalmar sirrinka, kuma zuciya za ta so ta bayar, don mun san wahalar samun kayan karatu. Kada ka bayar. Yarjejeniyar jami'a da kamfanonin ta hana, kuma in an ga ana kwasar maƙaloli da yawa da sunanka za a iya rufe asusunka kana tsakiyar rubuta kundi. Ka nuna musu shafukan DOAJ da CORE da AJOL, inda ake samun rubuce-rubuce da yawa kyauta, ko su rubuta wa marubucin kai tsaye, da yawa suna aikowa.

Tun yau ka sauke manhajar Zotero, kyauta ce, ka riƙa adana bayanin duk abin da ka karanta a cikinta. Ka buɗe ta da imel ɗinka na kanka, domin na jami'a da damar shiga mujallun yawanci sukan rufe bayan ka kammala.