Yadda za ka haɗa ɗakin gwajin kwamfutoci a gida da na'ura guda ɗaya

Duk mai son ya iya aikin sabar kwamfuta, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, yana bukatar wurin da zai ɓata abu ba tare da fargaba ba. Ba za ka koyi wannan a kwamfutar ofis ba, ba kuma za ka koye shi a wadda kake ajiye hotunan iyali ba. Dabarar ita ce ka samu na'ura ɗaya ka mayar da ita mai masauki, ka zuba mata baƙi, wato kwamfutocin manhaja uku ko biyar, a ciki, kowace da nata tsarin, kowace tana ganin ita kaɗai ce a gidan.

Fara da zaɓen na'ura, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Za ka ga tsohuwar sabar kamfani, irin su Dell R720, an karya mata farashi, ranka ya biya. Ka haƙura da ita. Tana shan wuta sama da wat 100 ko ba ta aikin komai, fankokinta kuma ba za su bar kowa ya runtsa ba. Abin da ya dace da gidan da ke kan sola ko inbata shi ne ƙananan kwamfutocin ofis 'yan kwatano: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini ko Lenovo ThinkCentre Tiny. Girmansu bai wuce littafi ba, kuma in suna zaune wat 10 zuwa 15 ya ishe su. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, waɗanda ba sa ɗaukar Windows 11 sun rage daraja a idon ofisoshi, amma a wajenka ba su da aibu. In kana Kano, ka zagaya titin Beirut ka taya. Ka sa kuɗinka a RAM kafin komai: giga 16 ne mafari, 32 ya fi. Faifan kuma ya zama SSD.

Tsohuwar laftof ma tana yi, har tana da wani alheri: batirinta zai riƙe ta in an ɗauke wuta. In ƙaramar kwamfutar tebur ce, ka haɗa ta da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, domin yankewar wuta ana cikin rubutu a faifai ita ce ke lalata baƙin nan. Lokacin hunturu kuma ka riƙa buɗe ta kana hure ƙura, ka ɗaga ta daga ƙasa.

Kafin ka biya, ka kunna ta a gaban mai shago, ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun tana tashi, ka nemi Intel VT-x, ko SVM in na'urar AMD ce, ka kunna shi, domin shi ke ba ta damar ɗaukar baƙi. In babu, kada ka saye ta.

Sai manhajar masauki. Ni Proxmox VE nake ba da shawara. Wani kamfani ne a Biyana ta ƙasar Ostiriya yake yin ta tun 2008, a kan Debian, wani nau'in tsarin Linux, aka gina ta, kuma kyauta ce. Sauke fayil ɗin girkawa na ISO daga shafinsu, ya ɗan haura giga ɗaya, don haka ka jira datar dare. Ka rubuta shi a filash da balenaEtcher, ko da Rufus amma ka zaɓi yanayin DD. Ka sani girkawar za ta share duk abin da ke faifan. Ka jona na'urar da rauta ta waya, kada ka dogara da Wi-Fi, domin baƙin ba sa samun hanyar fita cikin sauƙi ta nan. Ka ba ta adireshin da ba ya canzawa, misali 192.168.1.50. Da ta gama, cire allo da madannai, ka koma laftof ɗinka ka rubuta https://192.168.1.50:8006 a burawza, ka shiga da sunan root.

Za ta yi maka gargaɗin cewa ba ka da rajista. Kada ka damu. Shiga Updates, sannan Repositories, ka kashe na Enterprise ka ƙara No-Subscription, sai ka sabunta.

Baƙi iri biyu ne. Akwai cikakkiyar kwamfuta da ake kira VM, wadda za ka iya sa wa Windows Server na gwaji, Microsoft na bayar da shi na kwana 180. Akwai kuma LXC, wanda ke aron zuciyar tsarin mai masauki maimakon ya tada tasa, shi ya sa Debian ke tashi a ciki da mega 512 kacal. Fara da LXC ɗaya, ka sa masa Pi-hole ya tace tallace-tallace a duk wayoyin gidan. Ranar da mutanen gida suka ce intanet ta tsaya saboda ka taɓa wani abu, ranar za ka fahimci DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi adireshi wanda Pi-hole ke aiki da shi, fiye da yadda darasi zai koya maka. Kafin kowane gwaji ka danna Snapshot, wato hoton halin da baƙon yake ciki, wanda za ka iya komawa gare shi. Na taɓa shafe dare ina gyaran sabar da umarni ɗaya ya kashe, alhali da na ɗauki hoton nan, minti ɗaya ya isa in dawo da ita. Amma hoton yana kan faifai ɗaya da baƙon, saboda haka ka tsara Backup na mako-mako zuwa wani faifan na waje.

Abin da ya rage shi ne kunnenka ya kasance a kan labarai, domin su ne ke gaya maka a kan me za ka yi gini. A Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wani nau'in Linux na sabobi, zai ƙare a ƙarshen 2021, waɗanda suka ji da wuri suka koma Rocky Linux ko AlmaLinux a natse. Kamfanin Broadcom ya kammala sayen kamfanin VMware a Nuwamban 2023, zuwa Fabrairun 2024 ya janye ESXi na kyauta, manhajar masauki ta VMware, sai a Afrilun 2025 ya dawo da shi. A tsakanin nan ne jama'a da yawa suka yi ƙaura zuwa Proxmox.

Ba sai ka bi komai ba. Ka buɗe LXC na biyu ka sa FreshRSS mai tara labarai, ka jona masa shafukan LWN, The Register, Phoronix da sanarwar tsaro ta Debian, ka ware minti goma sha biyar bayan sallar asuba. Duk labarin da ya shafi abin da ke cikin na'urarka, ka gwada shi a ranar. A Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya lura shiga SSH, hanyar shiga saba daga nesa, na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya gano ƙofar ɓoye da aka dasa a manhajar matse fayil xz, sigar 5.6.0 da 5.6.1. Irin wannan labari in ya zo, ka buɗe kowane baƙo ka rubuta xz --version, ka ga lambar da idonka.