Yadda ake auna ire-iren abincin da ƙwayoyin halittar ƙasa suke iya ci

Gona biyu za su iya yin kunnen doki a yawan bakteriya, amma na ɗaya su iya narkar da abinci iri-iri, na ɗayar kuwa kaɗan. Wannan bambancin ake nema a gwajin nan. Garland da Mills ne suka fito da hanyar a 1991, yau kuma an fi amfani da farantin Biolog EcoPlate. Ramukansa 96 ne: abinci iri 31, irin su sukari da amino asid, kowanne a rami uku, sai ramuka uku na ruwa zalla.

Aikin daga gona yake farawa, kuma a nan aka fi ɓata shi. Ka ɗebi ƙasar sama zuwa zurfin santimita 15 daga wurare da dama a fili guda, ka gauraya. A Samaru da ke Zariya, filin gwajin taki na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka fara a 1950, misali ne mai kyau, domin a can ana kwatanta kashin shanu da takin zamani. Ni na fi son ɗiban damina. Da hunturu ƙasa ta bushe ƙayau, yawancin ƙwayoyin sun lafa. Kada ka shanya samfurin a rana. Ka sa shi a sanyi mai digiri 4, ka yi gwajin cikin 'yan kwanaki.

A ɗakin gwaji, tankaɗe ƙasar da rariya mai ido milimita 2. Zuba giram 10 cikin mililita 90 na ruwan gishiri mai kashi 0.85 cikin ɗari, wanda aka riga aka kashe ƙwayoyin da ke cikinsa. Girgiza na minti 30, ka bari laka ta kwanta, sannan ka tsarma ruwan saman har ya koma kashi ɗaya cikin dubu. Idan ba a tsarma ba, launin ƙasar da abincin da ta zo da shi za su rikita awon. Kowane rami ya samu mikrolita 150.

Rufe farantin, ka ajiye shi cikin duhu a na'urar ɗumi, digiri 25. Zafin bazarar Zariya ya wuce haka nesa ba kusa ba, saboda haka barinsa a kan tebur ba zai yi ba, kuma ka tanadi janareta tun kafin ka fara. Duk ramin da aka ci abincinsa, rinin tetrazoliyam da ke ciki zai koma shunayya. Karanta da na'urar karatun faranti a hasken da tsawon zangonsa nanomita 590 ne nan take, sannan duk bayan awa 24 har mako guda.

Wajen lissafi, cire awon ramin ruwa daga na kowane rami. Abin da ya faɗi ƙasa da sifili ka mayar da shi sifili. Fitar da matsakaicin ramuka ukun kowane abinci, ka tara sakamakon ka raba da 31, ka samu matsakaicin launi. Ma'aunin Shannon kuma zai nuna ko cin ya bazu a kan abinci da yawa ko ya taru a kan kaɗan. Ka kwatanta farantai lokacin da matsakaicin launinsu ya yi daidai, in ba haka ba yawan ƙwayoyin da ka zuba ne kake aunawa.

A rahotonka ka rubuta cewa farantin ya fi nuna bakteriya masu saurin girma, domin rinin ba ya kama aikin fangas sosai.