Yadda Ake Nazari da Rubuta Waƙa a Kan Halittu da Muhalli

Matakin farko shi ne lura, tun kafin a nemi amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen layukan waƙa. Mai son rubuta waƙa ya zaɓi abu guda, itace ko rafi ko tsuntsu, ya riƙa komawa gare shi da safe da yamma, yana rubuta abin da idonsa ya gani da wanda kunnensa ya ji, ba tare da ƙawata magana ba tukuna. Wanda ya lazimci gawo ta wannan hanya zai gane cewa yana kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa suka yi kore shar, sannan ya toho da rani sa'ad da daji ya bushe. A ganina, wannan lura guda ta fi baitoci goma da ke yabon "kyawun itatuwa" ba tare da ambaton ko ɗaya da sunansa ba.

Daga nan sai karatun waƙoƙin magabata, ana duba jigo, da zubi da tsari, da salon sarrafa harshe. Yana da amfani a leƙa haiku, gajeriyar waƙar Japan, wadda ke da ɗango (layin waƙa) 3 da gaɓoɓi 17, kuma bisa al'ada sai ta ƙunshi kalmar da ke nuna lokacin shekara, domin tana koyar da taƙaita zance.

Mataki na uku shi ne zaɓen tsari. Ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, ta fi sauƙi ga mai koyo, ƙwar biyar mai ɗango biyar kuwa tana ba da sararin siffantawa, amma tana buƙatar ƙaramin amsa-amo (na cikin baiti) a ɗangogi huɗu na farko da babban amsa-amo (na ƙarshen kowane baiti) a na biyar. Game da kari, wato daidaiton bugun sautin waƙa, sai a auna gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi bisa ma'aunin aruli, wanda malamin Larabci Khalil bn Ahmad ya tsara a ƙarni na 8, a riƙe bahari ɗaya, wato nau'in kari guda, har ƙarshe.

Adon harshe kuma a yi shi da tsanaki. Mutuntarwa tana raya waƙa idan ta dace da ɗabi'ar abin, kamar a ce rafi yana kukan ƙishirwa bayan ya ƙafe.

Inda marubuta da yawa ke tuntuɓe shi ne jigon ɓarnar muhalli, domin sukan mayar da waƙar wa'azi tsantsa. Maimakon a ce sare itatuwa laifi ne, a nuna kututture da ƙaro ke tsattsafowa daga jikinsa, da sheƙar da ta faɗo ƙasa, a bar mai sauraro ya ji zafin da kansa.

A ƙarshe a rera waƙar da murya, a ajiye ta kwana biyu, a sake rerawa. Duk ɗangon da harshe ya sarƙe a kansa yana da karaya a kari, duk kalmar da aka cusa don cika amsa-amo kawai kuma sai a cire ta, ko da hakan zai sa a sake gina baitin gaba ɗaya.