Kashe matatar akwatin kifi lokacin ciyarwa

Kafin ka zuba abinci, kashe matatar ruwan, amma ka bar injin iska yana aiki. Idan matatar na ja, abincin da ke yawo zai shige soson da ke cikinta ya ruɓe, amoniya (sinadari mai guba ga kifi) ta ƙaru. Zuba abin da kifayen za su cinye cikin minti 2 zuwa 3, jira minti 10, kwashe ragowar da ƙaramar raga, sannan ka kunna matatar.

Babban haɗarin shi ne mantawa da kunna ta, don haka saita ƙararrawa a waya. Bakteriya masu amfani da ke cikin soson, waɗanda ke rage amoniya, sai da ruwa mai gudana suke rayuwa, in ya tsaya na sa'o'i sai su fara mutuwa. Matatar da ake ratayawa a bayan gilashi kuwa, cika ta da ruwan akwatin kafin kunnawa, kada injin ya juya a bushe ya ƙone.