Yadda Ake Gano Mahaɗar Jihohi Uku a Amurka da Sanin Dalilin Karkacewar Iyakokinsu

Duk wanda ya taɓa zama wurin sasanta rikicin gona ya san dattawa ba sa fara neman takarda. Cewa suke yi a tashi a je a ga inda aka dasa gamba, ko inda kututturen tsohuwar aduwa yake. Abin da aka kafa a ƙasa, aka kuma daɗe ana kiyaye shi, shi ne iyaka. Jihohin Amurka, duk da layukansu da ke miƙe sambal a taswira kamar an ja su da rula, a kan wannan ƙa'ida suke tafiya. Majalisa ta rubuta inda layi zai bi, safiyo ya je daji da sarƙar awo da na'urar duba taurari ya kafa dutse, wani lokaci nesa da inda aka ce, kuma dutsen ne ya zama doka.

Akwai wurare wajen sittin a ƙasar inda jihohi uku suka haɗa kai, da wuri ɗaya tak inda huɗu suka haɗu. Mutane da dama sun mai da neman waɗannan wurare abin sha'awa, kuma ina ganin ɗalibi ko baƙon da ke can ba zai sami hanyar koyon tarihin ƙasar da ta fi wannan sauƙi ba. Wanda ba ya can ma zai iya yin rabin aikin da wayarsa.

Da farko, zaɓi mahaɗar da ƙafa za ta iya takawa

Da yawa daga cikin mahaɗun suna tsakiyar ruwa ne, a kogin Mississippi ko Ohio ko cikin manyan tafkuna. Bar waɗannan tukuna. Shawarata ka fara da gundumar Cimarron, can ƙurewar yammacin Oklahoma, wadda hedikwatarta take Boise City. Ita kaɗai ta yi iyaka da jihohi huɗu, wato Texas da New Mexico da Colorado da Kansas, don haka mahaɗa uku ne a gefunanta. Akwai ta arewa maso yamma kusa da ƙauyen Kenton, inda dutsen da ake kira Preston yake. Akwai ta kudu maso yamma da ake kira Texhomex. Sai ta arewa maso gabas, mil 8 yamma da garin Elkhart na Kansas. Mai mota da ya yi sammako zai iya zagaye su cikin yini guda idan hanya ta bushe.

Na biyu, nemo abin da doka ta ce tun asali

Kafin ka taka ko'ina, buɗe taswira ka dubi siffar wurin, ka tambayi kanka me ya sa take haka. Oklahoma tana da wani siririn hannu da ya miƙa yamma kamar mariƙin kasko, faɗinsa mil 34, tsawonsa mil 166. Bauta ce ta haife shi. A 1820 aka yi yarjejeniyar da ta hana bauta a sabbin yankunan da ke arewa da layin digiri 36 da minti 30, wato awon nisa arewa daga layin da ya raba duniya biyu, inda minti 60 ke yin digiri ɗaya. Texas ta shiga tarayya a 1845 tana riƙe da bayi, kuma a sulhun 1850 ta saki ƙasar da take iƙirari arewa da wannan layin. Da aka zo yanka Kansas a 1854, sai aka sa iyakarta ta kudu a digiri 37. Rabin digirin da ya rage a tsakani ya zauna ba mai shi, ba kotu ba hukuma, har 1890 da aka liƙa shi ga yankin Oklahoma. Ka ga tun kafin ka isa wurin, lambobi biyu sun ba ka labarin mutanen da aka saya aka sayar.

A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Iyakokin gabas da yamma na jihohin yamma da dama ba daga Greenwich ta Ingila, inda aka saba fara ƙirgen digiri, aka ƙirga su ba, daga tsohon ɗakin duba taurari na sojojin ruwa da ke birnin Washington aka ƙirga. Wannan layin kuwa ya wuce digiri 77 da kimanin minti 3. Shi ya sa iyakar Kansas da Colorado take digiri 102 da minti 3, ba 102 cif ba. Idan wayarka ta nuna haka, kada ka ce safiyo ya yi kure. A 2009 kafafen labarai sun yi ta yayata cewa alamar da Arizona da Utah da Colorado da New Mexico suka haɗu ta kauce da mil biyu da rabi, alhali masu lissafin ne suka ɗauki Greenwich a matsayin mafari. Hukumar awon ƙasa ta tarayya ta fito ta bayyana cewa kaucewar gaskiya kimanin ƙafa 1,800 ce, kuma ko ita ba ta sauya komai a doka.

Na uku, nemo wanda ya yi awon da shekarar da ya yi

Wannan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Kowane layi yana da mutumin da ya ja shi, kuma kusan duk wani lanƙwasa da ka gani a layin da ya kamata ya miƙe, sawun wannan mutumin ne. Ka tuna halin da suka yi aiki a ciki. Sarƙarsu ƙafa 66 ce, sau 80 za a shimfiɗa ta kafin a ci mil ɗaya. Gane nisan wuri daga arewa zuwa kudu yana da ɗan sauƙi, ana duba tsayin taurari. Gane shi daga gabas zuwa yamma kuwa sai da agogo mai tsananin daidaito, kuma kuskuren daƙiƙa kaɗan a agogon yana zama ɗaruruwan mitoci a ƙasa.

Dubi Texhomex a taswira, ka faɗaɗa hoton sosai. Doka ta ce iyakar New Mexico ta gabas digiri 103 ce, daga sama har ƙasa. Amma za ka ga layin ya sauko ta gefen Oklahoma, ya karya yamma fiye da mil biyu, sannan ya ci gaba da gangarawa ta gefen Texas. Dalili shi ne John H. Clark, wanda ya auna ɓangaren Texas a 1859 cikin ƙarancin ruwa, ya kafa layinsa yamma da inda ya dace. Waɗanda suka auna ɓangaren Oklahoma daga baya sun fi shi dacewa. New Mexico ta so a gyara, amma a 1911 Majalisar Dokokin Amurka ta tabbatar da layin Clark, kuma da shi jihar ta shiga tarayya a 1912.

Haka Kotun Ƙoli ta yi a 1925 a ƙarar New Mexico da Colorado, inda ta tsaya a kan layin da Ehud Darling ya auna a 1868 duk da an san ba daidai yake ba. Ni dai hukuncin ya kwanta mini. Mutane sun sayi filaye, sun biya haraji, sun binne iyayensu bisa wannan layin. Idan za a riƙa tuge dutse duk ranar da aka ƙera na'ura mafi kyau, ba wanda zai yi barci da ido biyu a rufe. Sai dai wanda aka ci wa ƙasa ba ya mantawa. Awon 1818 ya sa iyakar Georgia da Tennessee kimanin mil ɗaya kudu da digiri 35, abin da ya raba Georgia da kogin Tennessee, kuma lokacin farin 2008 'yan majalisar jihar sun sake tayar da maganar saboda ruwan sha.

Na huɗu, idan layin ba miƙaƙƙe ba ne, tambayi kogi

Inda kogi ne iyaka, ƙa'idar a taƙaice take. Idan ya riƙa zaizayar gaɓa sannu a hankali, iyaka tana bin sa. Idan kuwa ya ɓalle dare ɗaya ya ɗauki sabuwar hanya, iyaka tana nan a tsohon kwarinsa. Ambaliyar 1877 ta sauya wa kogin Missouri hanya, ta bar garin Carter Lake a gaɓar Nebraska, amma Kotun Ƙoli ta ce a 1892 na Iowa ne. Har yau wanda ya taso daga tsakiyar Omaha ta Nebraska zuwa filin jirgin saman birnin yakan ratsa ta cikin Iowa na ɗan lokaci ba tare da ya haye gada ba. Saboda haka duk inda ka ga iyaka ta yi baka a kan busasshiyar ƙasa, nemi tsohuwar taswira, galibi za ka tarar ruwa ya taɓa bi ta nan.

Wani bakan kuma da gangan aka zana shi. Arewacin Delaware da'ira ce mai nisan mil 12 daga garin New Castle, tun takardar mallakar da aka ba William Penn, wanda ya kafa Pennsylvania, a 1682. Mu wannan dabarar ba baƙuwarmu ba ce, domin a yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun zana da'irar mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato a matsayin iyaka, kafin su sake ta a 1904 da 1906 don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram.

Na biyar, ɗauki lambobin wurin daga tushe mai kyau

Layin da ke cikin taswirar wayarka zane ne na kusa-kusa, kada ka dogara da shi. Hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, USGS, tana da taswirori masu nuna tudu da kwari, sababbi da tsofaffi, ana sauke su kyauta a intanet, kuma sukan nuna duwatsun iyaka. Hukumar awon ƙasa ta tarayya kuma, NGS, tana da takardar bayani ga dubban alamomin awo, da lambobinsu da kwatancen yadda ake isa wurin. Duba ƙasan taswirar ka ga tsarin awon da aka yi ta da shi. Tsofaffi suna kan tsarin 1927, sababbi suna kan na 1983 wanda ya yi kusa da na waya, kuma bambancin yakan kai gomman mitoci. A fili mai ciyawa wannan ya isa ya sa ka wuni kana zagaye. Sauke komai a waya tun kana gari, don sabis yakan ɗauke a can.

Na shida, san ƙasar wa za ka taka

Kada ka yi wasa da wannan. Alamomi da yawa suna cikin gandun kiwon mutane ne, kuma tsallake waya mai ƙaya ba izini laifi ne a can, yana kuma iya zama haɗari. Tsaya a gari mafi kusa ka yi tambaya a ɗakin karatu ko ofishin gunduma, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan an ba ka izini, ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe ta, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta. Alamar da jihohi huɗu suka haɗu tana hannun al'ummar Navajo, 'yan asalin ƙasar, ana biyan kuɗin shiga, kuma tana da lokacin buɗewa da rufewa. Cika tanki, ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, sa takalmi mai rufi saboda macizai, kuma idan an yi ruwa ka haƙura, don hanyoyin ƙasa na can sukan zama taɓo.

Idan ka isa

Wayarka za ta kawo ka kusa, mita kaɗan, daga nan sai ido. Abin da kake nema yawanci ƙaramin farantin tagulla ne kamar tafin hannu, an dasa shi a kan dutse ko turken siminti, da sunan hukuma da shekara, da ɗan gicciye ko ɗigo a tsakiya. Wasu tsofaffin suna ɗauke da gargaɗin tarar dala 250 ga wanda ya taɓa su. Kula, babbar alamar ado da aka gina don masu ɗaukar hoto ba lallai ta kasance a kan ainihin wurin ba, sau da yawa farantin yana gefe, ko ma a tsakiyar hanya. Share ƙurar da hannu, karanta shekarar, ka gwada ta da sunan safiyon da ka samo a mataki na uku. Ɗauki hoton farantin, da hoton kowace kusurwa huɗu, ka rubuta lambobin da wayarka ta nuna da ranar da ka je. Kada ka kankare komai, kada ka ɗaga dutse.

A Texhomex, kafin ka koma mota, tsaya a kan alamar ka fuskanci faɗuwar rana. Oklahoma ta ƙare a bayanka ta dama. New Mexico tana gabanka ta dama. Ta hagunka kuwa Texas ce, kuma za ta ci gaba da raka ka fiye da mil biyu, har inda Clark ya kafa kusurwarsa a 1859.