Yadda Za Ka Zaɓa Tsakanin Sabon Gida da Tsohon Gida Kafin Ka Biya

Duk wanda ya taɓa bin dillali yawon neman gida a Kano ya san wannan ruɗanin. Da safe a kai ka Rijiyar Zaki ko Danbare, ka ga gida fes, tayil na sheƙi, warin fenti bai gama fita ba. Da yamma a kai ka Gwammaja ko Kundila, ka tarar da tsohon gini mai yalwar tsakar gida da inuwar darbejiya, sai dai silin ya yi tabon ruwa. Kuɗin kuma ba su da nisa da juna. Shawarata ita ce ka cire fenti daga lissafi tukuna, ka bi waɗannan matakai.

Mataki na farko, zauna da iyalinka ku yi lissafin zama. Sabbin gidaje galibi a bakin gari suke, inda fili bai ƙare ba, don haka kuɗin mai ko na adaidaita zuwa kasuwa, ofis da makarantar yara zai bi ka kullum. Sannan kada ka zuba duk abin da ka tara a farashin gidan. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, na canjin suna a takardar gidan, da gyaran da ba makawa sai ya taso.

Mataki na biyu shi ne takarda, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ya sa gida mai satifiket, wato takardar mallaka ta gwamnati, ba ya komawa sunanka a hukumance sai da amincewarsa. Karɓi kwafin takardar, ka je da lauya a bincika a hukumar adana bayanan filaye, wato KANGIS idan a Kano kake, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja: sunan wa ke kai, kuma ba a jinginar da gidan a banki ba? Sabon gida yana da tasa matsalar. Da yawa a filin awon igiya aka gina su, ba abin da ke hannun mai shi sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa. Tambayi izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ka tabbatar ba a kan hanya, magudanar ruwa, ƙarƙashin babbar wayar lantarki ko filin makaranta aka ɗora shi ba. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Tsohon gida kuwa, babban tarkonsa gado. Idan aka ce maka gidan magada ne, kada ka wadatu da maganar babban wa. Nemi takardar rabon gado daga kotu, ka ga kowane magaji ido da ido ko wakilinsa na gaskiya, har matan da ke gidajen aurensu da wanda ke zaune a wata ƙasa. In kason mutum ɗaya za ka saya a gidan da ba a raba ba, sani cewa a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. Na ga mutumin da ya gama gyara tsaf, sannan wata ƙanwa ta bayyana ta ce ba da saninta aka sayar ba. Shekaru ya yi yana zaryar kotu.

Mataki na uku, in da hali ka jira damina. Ka je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ba tare da ka sanar da dillali ba. Ina ruwan layin yake bi? Kwata ta ɗauke shi ko ya kwanta a ƙofar gida? A nan tsohon gida ya fi sabo gaskiya, domin ya sha damina ashirin ko talatin, aibinsa duk a fili yake. Sabon da aka gama a watan Janairu ko yayyafi bai taɓa gani ba. A tsofaffin unguwanni kuma lura da gidan da titi ya fi shi tudu saboda cikon da aka yi ta yi, irinsa ruwa ciki yake komawa. Idan cinikin ba zai jira ba, dubi gindin katangar maƙwabta, alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa ba ta ɓuya.

Mataki na huɗu, ɗauki injiniya ko gogaggen magini wanda kai za ka biya, ba wanda mai gida ya kawo ba. A sabon gida, musamman na masu gini don sayarwa, a duba ƙwarin bulo. Wasu na matse buhun siminti su fitar da bulo fiye da ƙima, ka kankare da ƙusa ka ga yashi na zuba. A tambayi kaurin rodi, zurfin tushe, irin wayar wuta da aka binne, da girman ramin masai. In akwai hotunan lokacin da ake aikin, a nuna maka. A tsohon gida a hau cikin silin a ga ko gara ta ci katako, a duba kwano, a bi tsagewar bango. Siririyar tsagar filasta ba komai ba ce, amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana iya nufin tushe ne ke zama. Bangon da gindinsa ke fitar da farin gishiri yana shan danshi daga ƙasa, kuma sabon fenti na watanni kaɗan ne kawai yake rufe shi.

Daga nan sai unguwa. Yi sallar magariba a masallacin layin, ka gaisa da dattawa, ka tambayi ruwa, wuta da tsaro. Sabuwar unguwa sau da yawa karo-karo ake yi na taransifoma da turakun wuta, kuma sai ka haƙa burtsatse. A tsohon gida, je ofishin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, da lambar mita ka ga ko akwai bashin wuta, a cire shi daga farashi.

Yanzu ɗauki takarda ka rubuta gida biyun gefe da gefe: farashi, da abin da magininka ya ce gyara zai ci, da abin da babu wanda sai ka sa. Ni in takardu sun fita tsaf kuma tushe lafiya, tsohon nake ɗauka, domin kwano da waya ana canza su, amma faɗin fili da kusanci da gari ba a ƙara su. Wanda ba shi da lokacin tsayawa kan leburori, kuma ya san wanda ya gina sabon, to sabon ya fi masa sauƙi.

Kada ka ba da kafin alƙalami sai binciken takarda ya dawo. Ranar biya, tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai gidan da kansa, ba na dillali ba, a rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu, a sa ranar da masu haya za su tashi in akwai su, sannan ka karɓi asalin takardu da makullai a zama ɗaya.