Yadda za ka haɗa wa robot ɗinka madamƙi wanda ba ya sakin kaya

Kafin ka sayi sarbo, wato ɗan injin lantarki da ke juyawa ya tsaya a kusurwar da ka ce masa, ko ka buɗe kwamfuta, fara ɗauko abin da kake so robot ɗin ya riƙa ɗauka ka ajiye shi a gabanka. Ƙwai ne, ko murfin kwalba, ko robar ruwa mai rabin lita? Auna faɗinsa da rula, ka ɗora shi a sikeli in kana da shi. Ƙwan kaza bai cika wuce giram 60 ba, robar ruwa mai rabin lita kuwa giram 500 ce har da ɗan ɗoriya, kuma madamƙin da zai ɗauki wannan ba shi zai ɗauki wancan ba. Yawancinmu a nan muke fara ɓata, mu ga wani zane mai kyau a intanet mu buga shi a firinta ta 3D, wato na'urar da ke fitar da abu da narkakkiyar roba, sai an gama ɗaure noti sannan a gane yatsun ba sa ma buɗewa su kai faɗin kayan.

Toh sai lissafi, kar ka tsorata ɗan kaɗan ne. Ƙaramin sarbon nan shuɗi SG90 da kowa ke farawa da shi, ƙarfin murɗarsa wajen kilo 1.8 ne a nisan santimita ɗaya daga tsakiyar sandarsa. Duk tsawon da ka ƙara wa yatsa, ƙarfin raguwa yake. In yatsan ya kai santimita 6, raba 1.8 gida shida, abin da ya rage a bakin yatsa giram 300 ne kacal. In kuma yatsu biyu ne ke motsi ta hanyar giya, wato ƙafafun nan masu haƙora da ke juya juna, raba ƙarfin suke, kowanne 150. Kuma wannan adadin na lokacin da sarbon ya kai maƙura ne yana gurnani, ba ka so ya zauna a haka, don haka ka lissafa da rabinsa.

Ga inda abin yake da daɗi. Matsewa kaɗai ba ita ke riƙe kaya ba, rashin santsi ne. Robar firinta a kan abu mai sulɓi, abin da za ta iya riƙewa a kowane yatsa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na matsin ba, amma in ka manna wa bakin yatsun yankin tsohon tub ɗin keke ko na babur, riƙon zai ninka fiye da sau biyu ba tare da ka taɓa sarbon ba. Ni na farkon da na haɗa ƙwai uku ya fasa min a ƙasa, ina ta zargin sarbo har na sayo babba, ashe santsi ne kawai. Je wajen mai faci ka roƙi yankakken tub, ka wanke shi da sabulu saboda hodar da ke jikinsa, ka goge shi da sanfefa kaɗan kafin ka sa gam. Sannan ka yi wa cikin yatsan ɗan lanƙwasa ko kwarmi kamar harafin V yadda abu mai zagaye zai zauna ciki, ya taɓa wuri huɗu maimakon biyu.

Wata dabarar da ba a cika faɗa ba: ka bar yatsa ɗaya a kafe, ɗaya kawai ya riƙa motsi. Babu giya, babu wahalar daidaita haƙora, kuma duk ƙarfin sarbon na tafiya wuri guda, wato matsin ya ninka na mai yatsu biyu masu motsi. Illarsa ita ce yana tura kayan gefe kafin ya kama, ba ya kamawa a tsakiya. In aikinka ɗaukar abu ne daga nan ka ajiye can, wlh ya ishe ka. In kuwa robar ruwan nan ce kake hari, manta da SG90, nemi babban sarbo MG996R mai giyar ƙarfe, shi yana ba da wajen kilo 9 zuwa 11 a santimita, sai dai nauyinsa giram 55 ne, SG90 kuwa 9, kuma wannan nauyin a can ƙarshen hannun robot ɗin yake rataye, sarbon kafaɗa ne zai sha wahalarsa. MG90S na tsakiya ne, girmansa kamar SG90 amma giyarsa ta ƙarfe, ba ya saurin cin haƙora.

Yanzu kwali. Kar ka raina shi. Zana yatsun a kan kwalin indomi ko na sabulu da ainihin girmansu, yanke da reza, huda wurin juyawa ka soka ƙusa ko tsinken sakace, ka motsa da hannunka a jikin kayan. A nan za ka ga ko yatsun na buɗewa sosai, ko suna karo da juna, ko bakinsu na taɓa tebur kafin su kama. Ka ba buɗewar rarar kamar santimita ɗaya ko biyu sama da faɗin kayan domin robot ɗin gida ba ya tsayawa daidai wurin da ka ce masa. Gyara a kwali minti biyar ne, a firinta awa biyu ko uku ne, kuma in wajen wani kake kai bugu to kuɗi ne kowane zuwa. Ni sai na yanka kwali sau huɗu ko biyar kafin na yarda da siffa.

Wanda ba shi da firinta ta 3D kar ya ce an bar shi a baya. Bututun PVC na masu aikin famfo, in ka tsaga shi ka gasa a hankali daga nesa da wuta har ya yi laushi, ka danne tsakanin katako biyu ya huce, zai ba ka faranti mai ƙwari da za ka yanka da zarto ka gyara da fayil. A waje za ka yi wannan, kuma kar ka bari ya ƙone, hayaƙinsa guba ne.

In za ka buga, sai ka fara zana shi a manhajar zane: Tinkercad kyauta ne kuma a burauza yake aiki, ya isa mai farawa, FreeCAD kuma ba ya buƙatar data bayan ka sauke shi. Abubuwan da ke kayar da mutane a nan ƙanana ne. Firinta na matse rami, saboda haka ramin bolti M3, mai kaurin milimita 3, ka zana shi milimita 3.3 ko 3.4, kuma duk inda ɓangare biyu za su goga da juna bar tazarar milimita 0.3 zuwa 0.4. Yatsa a kwance za ka buga shi, ba a tsaye ba, don bugun hawa-hawa yake kamar jeren bulo, kuma ta tsakanin hawan yake karyewa. Kar ka ce za ka buga ramin da zai shiga haƙoran sandar sarbo kai tsaye, haƙoran sun yi ƙanƙanta, ba za su fito ba. Farar robar nan da ke zuwa cikin ledar sarbo, wadda ke hawa kan sandarsa, ita za ka ɗaure a jikin yatsan da ƙananan sukurori. Kuma wurin juyawa sa wosha da noti mai roba a ciki, in ba haka ba girgiza za ta kwance shi cikin kwana biyu.

Batun robar bugawa, PLA yana da sauƙin bugawa amma daga zafin wajen digiri 60 yake fara laushi. Ka bar shi cikin mota a rufe a ranar watan Afrilu, ka dawo ka tarar yatsu sun karkace. PETG ya fi jure zafi, yana kai wa wajen 80.

Wajen haɗa wuta kar ka ja wa sarbo wuta daga ƙafar 5V ta Arduino, wato ɗan allon kwamfuta da ke ba sarbon umarni, musamman MG996R da ke iya jan har 2.5A in ya cije, USB kuwa 0.5A kacal take bayarwa, shi ya sa za ka ga allon na mutuwa yana tashi da zarar an kama kaya. Ba shi batirinsa daban, misali batirin caji samfurin 18650 guda biyu da ɗan allon rage wuta LM2596 a saita shi 5V zuwa 6V, ka haɗa GND ɗinsu, wato wayar negatif, da na Arduino wuri ɗaya, ka ƙara kafasita, ɗan abin da ke tara wuta, kamar 470µF kusa da sarbon. Kafin ka ɗaura yatsa, tura sarbon digiri 90 tukuna sannan ka sa farar robar, in ba haka ba zai ƙure tafiyarsa yatsun ba su rufe ba. A cikin kod, wato umarnin da kake rubuta wa Arduino, kuma kar ka ce ya tafi daga buɗe zuwa rufe a tsalle ɗaya, riƙa ƙara digiri ɗaya ɗaya da jinkirin milisakan 15, ka nemo digirin da ya kama kayan ka ƙara biyu ko uku ka tsaya nan. In kana jin yana ƙugi kuma jikinsa na zafi, ka matse da yawa.

Idan kayanka siffarsu ba ɗaya ba ce, yau tumatir gobe kwan fitila, akwai yatsan da ake kira Fin Ray, wanda Leif Kniese ya gano dabararsa a 1997 daga ƙayar wutsiyar kifi, kamfanin Festo na Jamus kuma ya yi amfani da ita. Siffarsa kusurwa uku ce mai tsini da ƴan sanduna a tsakiya kamar tsani, in ka danna gefensa maimakon ya kauce sai ya lanƙwaso ya rungumi abin. Da robar TPU mai laushi ake buga shi, a hankali, don TPU ba ya son gudu. Akwai kuma na balan-balan da masu bincike a jami'ar Cornell da ta Chicago a Amurka suka nuna a 2010: a cika balo da garin kofi, a danna shi kan kaya, a zuƙe iskar ciki sai garin ya daskare ya riƙe. Babban sirinji da ɗan tiyo sun isa ka gwada shi a gida, ka dai sa ƙyalle a bakin tiyon kar ya zuƙo garin.

Gwajin ƙarshe, kama kayan ka ɗaga, ka girgiza hannun, ka juya shi ƙasa, sau ashirin a jere kana ƙirga sau nawa ya saki. In ya zame ƙara roba ko kwarmi, in yatsa na lanƙwashewa ƙara masa kauri ko rage tsawo, in sarbo ke zafi rage digiri. Abu ɗaya za ka canza kowane zagaye ka sake gwadawa. Kuma ka fara da dafaffen ƙwai.